Dakan Yajin Inna

A unguwarmu da ke Anka, idan ana maganar kuka, ni ake fara kawowa. Ba yabon kai ba ne. Tun ina ƙarama, in na buɗe baki, kajin gidanmu kan bar tsakar gida su koma bayan rumbu, jakin maƙwabcinmu kuma ya yi tsit yana saurare ko zai ƙaru da wani abu. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda nake kwana a ɗakinta tun da aka yaye ni, ta sha cewa wata rana danginmu na Bukkuyum sun aiko a tambaya ko lafiya, don sun jiyo ni daga can. Ban taɓa ƙaryata ta ba, tsohuwa ce.

Kukan nawa kuma ba na banza ba ne, kowanne da aikinsa. Akwai na birgima, wanda nake yi idan an hana ni bin yara rafi. Akwai na shessheƙa, wanda ake yi a bakin zaure daidai lokacin da Baba zai shigo. Akwai kuma wani busasshe, ba hawaye ko ɗigo, sai murya kawai, shi ne na ranar da aka ce in yi wanke-wanke. Duk gidan na san wanda kowane iri ke kamawa. Baba na shessheƙa ke kama shi. Kaka kowanne ma kama ta yake, ko da tana zagina. Mutum ɗaya ce ban taɓa samun irin nata ba, ita ce Inna.

Inna Bafulatana ce, daga wata ruga a ƙasar Bukkuyum aka auro ta, ni kuma ƴar farinta ce. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. Kunya ce. Hausawan ma suna yi, amma na Inna ya fi na kowa, kamar ita aka ba ajiyar al'adar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in zo, sai ta ce "ke". In tana maganata da Kaka, sai ta ce "ɗiyarku", kamar a kasuwa aka tsinto ni aka kawo mata ajiya.

Ƙannena kuwa, sai ka ga ikon Allah. Autanmu in ya yi tuntuɓe da inuwarsa, Inna za ta ɗauke shi ta yi ta lallashi da Fillanci har sai ya manta ƙafar da ta bugu. Ni kuwa akwai ranar da na faɗo daga kan katanga, na kwanta ina kururuwa, Inna ta leƙo daga madafa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa Kaka, "Ɗiyarku ta hwaɗo." Ta koma ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Ban kuma taɓa ganin hawayenta ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don ni a wurina wanda bai yi kuka a kan abu ba, abin bai dame shi ba. Na gwada ta iyakar gwaji. Na taɓa cewa kunama ta harbe ni, na riƙe ƙafa ina juyi a ƙasa. Ta zo ta kama ƙafar ta duba, ta saki, ta ce kunamar ta yi hankali da ba ta bar ko alama ba. Na taɓa ɓuya cikin rumbu tun hantsi don a ce na ɓata. Na ji Kaka tana salati, na ji an aika a kira Baba daga kasuwa. Daga ɓangaren Inna kuwa ba abin da na ji sai ƙarar turmi, wai ita a ranar ta ga damar daka yaji. Atishawa ce ta tona ni, don garin barkonon har cikin rumbu ya biyo ni. Dukan da na sha a ranar, shi kam kukansa na gaske ne.

Da na gama ƙaramar sakandare, Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Gummi, ta ce a ba ta ni. Ƴaƴanta duk maza ne, kuma akwai makarantar ƴan mata kusa da gidanta. Baba ya yarda. Kaka ta fara kuka tun ana saura mako, tana yi tana ce mini in tafi can in ƙarata, ta huta da cin goronta da nake yi. Ni kuma sai na ce a raina to ga ranar da nake jira ta zo. Ba faɗowa daga katanga ba ce, ba kunamar ƙarya ba ce, barin gida zan yi. In Inna na da hawaye ko na cikin cokali ne, ranar za su fito. Na kuma yanke wa kaina hukunci: in ba su fito ba, ni da Anka sai dai labari. Hutu ma a Gummi zan riƙa yi, tun da ba wanda zai lura ba na nan.

Ranar tafiya da safe na yi wanka na sa sababbin kaya, na fito tsakar gida ina jan akwati da ƙarfi don kowa ya ji. Me zan gani? Inna ta kafa turmi a tsakiyar gida, ta juye barkono ya fi rabin kwando, tana daka. Na tsaya a gabanta na ce Inna zan tafi. Ba ta ɗago ba. Idanunta sun yi jawur, ruwa na bin fuskarta, hanci na zuba, kamar dai kowace mace mai dakan barkono. Ta ce, "Ke, gusa daga nan, kada shi shiga miki ido ki tara muna jama'a."

Na ce motar fa ta kusa tashi. Ta ce a jira ta tankaɗe. Haka Baba ya tsaya a zaure yana atishawa har ta gama, ta cika wata babbar roba da yajin, ta ɗaure bakinta da leda, ta miƙa wa Kaka, Kaka ta miƙo mini. Ko hannu da hannu ba mu yi ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta juya tana kankare turmi.

Na yi kuka a motar nan tun daga tashar Anka har muka shiga ƙasar Bukkuyum. Wani dattijo da ke gefena ya tambayi Baba ko asibiti za a kai ni. Direba ya ce in na ci gaba ba ya buƙatar danna oda, shanu da kansu za su riƙa ba shi hanya.

Da muka isa, Gwaggo ta karɓi kayana tana dubawa. Da ta zo kan robar yajin ta ɗaga ta, ta jinjina nauyinta, ta tambaye ni yaushe aka daka. Na ce yau da safe, ina tsaye ina sallama ana daka. Ta ce, "Allah sarki," ta kai robar ɗaki. Na ɗauka tausayina ta ji, na ƙara mata da shessheƙa kaɗan.

Zaman Gummi ya karɓe ni. Gwaggo mace ce mai surutu da dariya, kuma tana kiran sunana sau ɗari kafin azahar, har sai da na fara gajiya da shi. Idan Baba ya kira waya yakan ba Kaka mu gaisa, ya ba ƙannena. Inna kuwa sai dai in jiyo muryarta daga nesa tana cewa a ce tana gaida Gwaggo. Gwaggo, ba ni ba. Na ƙara ɗaure hukuncina tamau.

A makaranta malamin Turancinmu wani dogon mutum ne mai son kalmomi kamar yadda wasu ke son tsire. In ya kama kalma ɗaya, sai ya bi ta har gidan kakanninta, a buga ƙararrawa bai dawo ba. Wata rana muna karanta wani labari sai muka ci karo da kalmar "weep". Mu dai "wif" muke cewa, ya gyara mana har ya haƙura. Ya ce ma'anarta kuka, amma ba irin kukan da muka fi sani da Turanci ba. Ita an fi samunta a rubuce, kuma an fi faɗinta ga babban mutum da hawaye ke zubo masa saboda abin da ke cikin ransa, sau da yawa ba tare da an ji sautinsa ba. Ya ce abin mamaki, a tsohon harshen da Turanci ya fito daga cikinsa, asalin kalmar ihu ne, irin kiran da mutum ke ƙwalawa da ƙarfi. Da tafiya ta yi tafiya sai ihun ya ragu, hawayen suka rage. Har ma, in ji shi, Turawa kan faɗe ta ga abin da ba shi da baki sam, kamar miki mai tsattsafo da ruwa, ko sabuwar randa da jikinta ke jiƙewa a hankali.

Sai ya ce kowa ta kawo misalin wanda ta taɓa gani yana irin wannan kukan. Ƴan ajinmu suka nuna ni suna dariya, don sun riga sun ji ni ranar da aka yi mana allura. Malam ya ce a'a, ni ina nan a tsohuwar ma'anar, ban ƙaraso zamani ba tukuna. Aji ya kwashe da dariya, har da ni. Da aka zo kaina na ce ni dai a gidanmu ba mai yin wannan. Kakata irina ce, Innata kuwa ko randa ta fi ta ruwan ido. Aka sake yin dariya. Na ji daɗin dariyar, amma da na zauna sai maganar ta ƙi fita daga raina.

Da hutu ya matso, Baba ya kira ya ce zai aiko a ɗauke ni. Na ce wa Gwaggo ta gaya masa ba zan je ba, akwai karatu da yawa. Gwaggo ta san ni da karatu ba ma ga-maciji a lokacin hutu, sai ta kashe wayar ta ce in faɗa mata gaskiya. Muna zaune a tsakar gida da rana, tana yanka kuɓewa, ina cin ɗanwake da yajin nan na Inna, wanda har lokacin ko rabi ba mu ci ba. Na zayyana mata komai, tun daga katanga har ranar tafiya. Na ce mutum zai bar gida, uwarsa ta rasa ranar dakan yaji sai ranar. Na haɗa mata da labarin malam da randa, don ta san maganar tawa da ilimi a ciki.

Gwaggo ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Ke da kike ganin kin fi kowa wayo, kin taɓa ganin yadda ni nike dakan barkono?"

Na ce na gani. Takan ɗiga man gyaɗa a turmin don kada garin ya tashi, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta juya wa iska baya. Ta ce to Inna fa? Na tuna yadda take yi. Inna ba ta sa mai sai can ƙarshe. Ba ta ɗaure hanci. Kuma in dai na tuna daidai, inda iska ke kaɗowa nan take fuskanta. Na ce wataƙila a ruga ba a koya musu ba. Gwaggo ta ce in rufe mata baki, matar da ta fi duk matan gidanmu iya girki ita ce ba ta san inda iska ke bi ba?

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa jin wannan ɓangarensa ba. Na san dai an haife ni a wani ƙauye kusa da Bagega kafin mu dawo Anka, na kuma san na yi ciwo ina ƙarama, lokacin da gubar dalma ta kama yara saboda dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. A gidanmu ba a cika maganar ba. Gwaggo a lokacin budurwa ce, tana gidan. Ta ce ina cikin yaran da aka kwasa aka kai Anka magani, jikina na ta karkarwa, ba wanda ya san ko zan dawo. Inna na da jaririn goyo, ga shi ni ƴar fari ce, don haka Kaka ce ta bi ni. Inna ta rage a gida tare da surukinta da ƙannen mijinta. A maƙwabta ana ta koke-koke, wasu gidajen an yi rashi. Ita kuwa ba dama a ga tana kuka a kan ƴar fari, kuma ba wurin ɓuya a gidan, ɗakinta ma tare da Gwaggo suke kwana.

An riga an kwashe tsofaffin turame na ƙauyen, don da su aka daka dutse. Gwaggo ta ce washegarin tafiya da ni, Inna ta aika aka sayo mata sabon turmi, ta zuba barkono ta fara daka, fuskarta na kallon iska. Ta daka na gidan ya ƙare. Ta aika maƙwabta su kawo nasu ta daka musu. Kullum in gari ya waye sai turmi, hawaye na zuba har haɓa, kowa ya wuce sai ya ce sannu da aiki, ta ce yawwa. Ba ta daina ba sai ranar da aka dawo da ni ina tafiya da ƙafata. A ranar ma, in ji Gwaggo, kallo ɗaya ta yi mini ta ce wa Kaka ɗiyarku ta rame, ta shige ɗaki.

Na tambaya ko mutanen gidan ba su gane ba. Gwaggo ta ce kowa ya gane, har kakanmu namiji, Allah ya jiƙansa, wanda ya riƙa sayo barkono da kansa yana ajiyewa a bakin madafa. Ta ce, "Duk gidan ke kaɗai ta ba ki sani ba, don ke in ba a yi ihu ba ba ki ji."

Na dubi ɗanwaken da ke gabana, ya yi ja da yaji. Na tuna ranar rumbu. Na so in yi irin kukan da na saba, na ma buɗe baki, sai Gwaggo ta nuna ni da wuƙar kuɓewa ta ce in na tara mata unguwa sai ta aika ni Anka a ƙafa. Na rufe bakin. Da yamma na ce ta kira Baba ta ce karatun ya ragu.

Na so a ce da na isa gida wani abu ya canza, amma ba abin da ya canza. Kaka ta rungume ni tana kuka tana cewa na yi baƙi, wai Gwaggo ba ta ba ni abinci. Ƙannena suka wawashe tsarabar. Inna ta fito daga madafa, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon akwatina, ta tambayi lafiyar Gwaggo da yaranta ɗaya bayan ɗaya, har da akuyarta. Sannan ta ce wa Kaka, "Ɗiyarku ta iso, a ba ta hura." Furar dai na lura da nono mai kauri aka dama ta, irin wanda ake aiko wa Inna daga ruga, wanda ba ta ba kowa sai Baba.

Ban tambaye ta komai ba duk tsawon hutun. Ba a tambayar irin wannan. Na dai rage kuka, har Baba ya tambayi Kaka ko ba ni da lafiya.

Ranar komawa da safe ina ɗaure kaya sai na ji ƙarar turmi. Na leƙo. Tana tsakiyar gida, barkono a kwando, ba mai, ba ɗankwali a hanci, iska na kaɗo mata garin a fuska. Yajin da ta ba ni wancan karon yana nan a Gummi, zai kai mu wata shekarar, kuma na tabbata ta sani.

Na je madafa na ɗauko ɗayar taɓaryar, na zo na tsaya kusa da ita, ta ɓangaren da take. Ta ce, "Ke, kayanki za su yi wari." Na ce ba komai. Ta ɗaga taɓarya ta sauke, na sauke tawa, muka kama lugude. Ban yi bugu goma ba barkonon ya same ni. Idona ya cika, ya zubo, na bar shi. Ban buɗe baki ba, kajin ma ba su motsa daga inda suke ba. Muka yi ta daka, ita ba ta dube ni ba, ni ban dube ta ba.

Can ta tsaya ta juya garin da hannu, ta share fuska da gefen zane, ta ce, "Barkonon bana da zahi shike."

Na ce, "Awo, Inna. Ya hi na bara."

Kaka ta yi atishawa daga ɗaki, ta ce in mun gama kashe ta mu gaya wa Baba inda ta ajiye likkafaninta. Baba kuma yana zaure yana cewa mota za ta tashi. Inna ta ce a jira ta tankaɗe. Da ta cika robar ta ɗaure bakinta, ta waiga neman Kaka, Kaka ba ta fito ba, tana can tana fama da hanci. Ta ɗan tsaya da robar a hannu. Sannan ta miƙo mini, na karɓa.